Koyon Zanen Teku da Fentin Mai ta Hanyar Kwafar Aikin Gwani

Ruwa mafi yawa da akasarinmu a Sakkwato muka taɓa gani da ido shi ne na madatsar Goronyo, ko kuwa Rima idan ta cika ta batse a Kwalkwalawa ƙarshen damina. Teku kam sai a waya, don tsakaninmu da bakinsa a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Shi ya sa duk wanda ya tashi zana teku a nan abu ɗaya yake yi: ya shafe allo da shuɗi, ya bi ya ɗiɗɗiga fari, a tashi da wani abu mai kama da tambarin ruwan leda. Ni ma da haka na fara, kuma na daɗe a kai. Abin da ya fitar da ni shi ne na zauna na kwafi aikin wani gwani guda ɗaya a tsanake. A nan na gane duhu ne ke riƙe da ruwa a zane. Fari daga ƙarshe ake sa shi, ɗan kaɗan, kamar man shanu a kan tuwo.

Kwafa don koyo ba abin kunya ba ne. Gidan tarihin Louvre da ke Paris an buɗe shi a 1793, kuma tun daga lokacin har yau masu koyo na kafa allunansu gaban manyan zane-zane suna kwafa, da sharaɗin kada girman kwafin ya zo daidai da na asalin. Mu ma ai da kwafar rubutun malam a allo muka iya riƙe alƙalami.

Wanne za ka kwafa

Shawarata ka ɗauki zanen da ake kira La Vague, wato igiyar ruwa, na Bafaranshe Gustave Courbet, wanda ake furta sunansa Kurbe. An haife shi a 1819 a Ornans, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan, nesa da teku. Mutumin tudu ne kamar mu. A 1869 ya je Etretat a gaɓar Normandi, ya zauna yana kallon raƙuman ruwa suna dukan gaɓa, daga nan ya yi ta zana igiya ɗaya tilo, ya sake, ya sake. Shi ya sa za ka tarar da ita iri-iri a intanet: akwai a Frankfurt, akwai a Berlin, akwai a Lyon, akwai wadda ke gidan tarihin Orsay a Paris mai ƙananan jirage a gaɓa. Zaɓi wadda ba jirgi, wadda igiyar ta cika allon.

Dalilina na farko ya shafi gida. Babu mutum, babu tsuntsu, babu wani mai rai a ciki, don haka za ka rataye shi a falo ba tare da Baba ya shigo ya ɗaure fuska ba. Na biyu, kashi uku ne kawai: sama, igiya, gaɓa. Launukan ba su da yawa, kuma mafi yawan kumfar da wuƙa Kurbe ya shafa ta, kamar magini da cokalin yaɓe, aikin da ke yafe wa sabon hannu kuskure.

Na san idonka zai tafi ga Aivazovsky, shahararren mai zanen teku, mutumin garin Feodosiya da ke Kirimiya, musamman babban zanensa na 1850 da ke Saint Petersburg, wanda rana ke ratsa ruwa kamar gilashi. Bar shi tukuna. Faɗinsa ya haura mita 3, hasken nan kuma an same shi ne da siraran shafe-shafe, wani bisa wani. Wanda bai iya tafiya ba ba ya fara da sukuwa.

Kayan aiki

Fentin mai na masu zane a bututu yake zuwa, kamar man goge baki. Kada ka sayi na gwangwani da ake fentin ƙofa da shi. Wannan kwanciya yake yi ya baje, ba ya riƙe sawun wuƙa. Ni daga Kano ko Zariya nake sa a aiko min ta mota. Fenti mai tambarin Winton ko Marie's ya ishi mai koyo. Launi shida kake buƙata, ga sunayensu yadda za ka gan su a jikin bututun: Titanium White shi ne fari, Ultramarine shuɗi mai duhu kamar na baba, Viridian kore mai sanyi, Yellow Ochre rawaya mai ruwan ƙasa, Burnt Sienna ja irin na jar ƙasa, Burnt Umber kuma ruwan makuba. Farin ka sayi babba, mai mililita 200. Sauran ƙanana masu 37 sun wadatar. Ban sa baƙi ba da gangan. Shuɗin nan da ruwan makuba idan suka haɗu suna ba da baƙi mai rai, wanda za ka iya karkata shi zuwa ɗumi ko sanyi.

Sai buroshi masu taurin gashi, masu faɗin baki, guda uku: babba kamar faɗin yatsu biyu, matsakaici, da ƙarami. Sai wuƙar fenti mai lanƙwasasshen wuya guda ɗaya, da man linsid, wato man da masu zane ke sassauta fenti da shi, ƙaramar kwalba, da tarfentin na tsinka fenti, da kananzir na wanke buroshi kawai, da tsummoki. Wurin haɗa launi kuwa, guntun gilashi mai kauri ko farin tayil ya fi komai sauƙin kankarewa.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai mai mai ne. Man gyaɗa ba ya bushewa a fenti, haka man ja. Na gwada na gyaɗa lokacin da linsid ya yanke min, bayan wata biyu zanen na nan danƙo-danƙo, ƙuda na mannewa. Linsid yana ƙanƙara ne saboda yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa ya zama fata, abin da man miya ba ya yi.

Allo

Fara da buga hoton a shagon kwamfuta, biyu: ɗaya mai launi a babbar takarda, ɗaya baƙi da fari. Auna tsawo da faɗin hoton da rula, ka ninka duka biyun da lamba iri ɗaya, yadda dogon gefen zai kai wajen santimita 50 zuwa 60. Idan ka tsallake wannan lissafin, igiyarka za ta fito ko a matse ko a miƙe, kuma ba za ka gane daga ina matsalar ta taso ba.

Falankin filawud mai santsi ya fi kyalle ga aikin wuƙa, ga araha. Ranar da na kai ma'aunina wurin wani dattijon kafinta, ya juya takardar ya ce, "Ɗana, mi kaka son yi da wanga ɗan guntu? Allon makaranta na?" Na ce, "A'a Baba, teku zan zuba a ciki." Ya ce, "To Allah shi ba da sa'a, amma kak ka jiƙa man shago."

Goge shi da samfefa. Idan ka samu jeso na akirilik, wato farin shafin da masu zane ke fara yi wa allo kafin fenti, shafa sau uku, kana bari ya bushe tsakani. Idan babu, haɗa farin fentin bango na ruwa da farin gam na kafintoci, kashi biyu da ɗaya. Don koyo ya isa. Shafa wa bayan allon da gefunansa su ma, in ba haka ba zai banƙare. Wannan shafin shi ne katanga tsakanin mai da katako. Idan babu shi katakon zai tsotse man, fentin ya mutu.

Kafin ka taɓa fenti

Ba wa hoton rabin awa na kallo. Runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, ka tambayi kanka ina ne ya fi duhu, ina ne ya fi haske. Za ka sha mamaki: cikin igiyar kusan baƙi ne, sama ba shuɗiya ba ce, kuma kumfar da ka ɗauka fara fat, yawancinta toka-toka ce. Huda ƙaramin rami a farar takarda ka ɗora a kan kumfar, ka kwatanta abin da ke cikin ramin da farin takardar. Wannan ɗan gwajin ya fi dogon bayani.

Sannan a takarda kamar tafin hannu, zana hoton da fensir da mataki uku kacal: duhu, tsaka-tsaki, haske. Minti goma. Ajiye shi kusa da kai, shi ne taswirarka.

Zama na farko: ƙasa mai duhu

Kurbe ya saba farawa a kan allo mai duhu, ya riƙa fito da haske daga ciki. Kai ma tsinka ruwan makuba da tarfentin har ya yi kamar shayi mai kauri, ka shafe allon gaba ɗaya, ka bi da tsumma ka rage. Wannan launin yana cikin masu saurin bushewa. A zafinmu kwana ɗaya zuwa biyu ya isa.

Da ya bushe, raba hoton gida 4 a tsaye, 4 a kwance, ka yi wa allon haka da farin alli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon sabon shiga yakan ƙara wa abin da ya burge shi girma, kuma igiyar ce za ta burge ka. Bi gida-gida ka fitar da manyan layuka biyar ko shida: inda sama ta haɗu da ruwa, ƙundun igiyar, leɓen da ya lanƙwaso, gindin kumfa, bakin gaɓa. Layin da sama ta haɗu da ruwa da rula za ka ja shi, ka auna daga saman allo dama da hagu. In ya karkace ko da kaɗan, duk wanda ya kalla zai ji kamar ruwan na tsiyayewa gefe guda.

Zama na biyu: sama da jikin ruwa

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi kauri da mai. Ka tuna laka a fadama bayan ruwa ya janye. Sama ta bushe, ƙasa na nan da danshi tana motsi, sai saman ya tsattsage. Haka fenti yake yi idan ka ɗora mai saurin bushewa bisa mai maiƙo. Don haka a wannan zaman ɗan tarfentin kaɗan za ka sa, ba linsid.

Fara da sama, kuma a nan ɗan Sakkwato ya fi ɗan Legas sa'a. Mun san hadari. Mun san yadda yake haɗowa daga gabas a farkon damina, cikinsa baƙi ƙirin, gefensa da jan ƙura, can ƙasa kuma wani siririn haske mai ruwan toka. Saman Kurbe ke nan, ba ragi. Haɗa shuɗi da jar ƙasa da fari, ka samu toka. Yi tsibi uku: mai duhu, matsakaici, mai haske da ɗan rawaya a ciki. Shafa da babban buroshi, hannu sake, kana gicciya shafin. Cikin gajimare ya fi samansa duhu, kuma duk wanda ya kusanci layin ruwa sai ya ƙara siranta ya kwanta. Kada ka yi ta lailaya shi har ya koma kamar bangon da aka yi wa filasta. Bar ruwan makuban ƙasa ya riƙa leƙowa nan da can.

Yanzu igiyar. Kada ka ɗauke ta a matsayin layi mai lanƙwasa. Jiki ne mai nauyi, yana da baya, da ƙundu, da ciki mai rami, da leɓe da ke faɗowa. Haɗa kore da jar ƙasa, za ka samu wani kore mai duhu kamar miyar kuka da ta kwana. Ƙara masa shuɗi da ruwan makuba don wurin da ya fi zurfi, wato ƙarƙashin leɓen. Wannan shi ne wuri mafi duhu a allon, kuma kada ka ji tsoronsa. Duk ƙarfin zanen daga nan yake.

Buroshinka ya bi hanyar da ruwan ke bi. A cikin ramin, ja shi daga gindi zuwa sama yana lanƙwasa, kamar kana shafa cikin ƙwarya. A leɓe, ja shi daga ƙundu zuwa ƙasa. A ruwan da ke can nesa, shafi a kwance, gajeru, suna ƙara ƙanƙanta. Sawun buroshi kaɗai yana gaya wa mai kallo inda ruwa ya nufa, tun kafin a sa kumfa.

Kusa da ƙundu, inda ruwan ya yi siriri, haske na ratsa shi. Ɗaga koriyar kwalbar lemo ka kalli rana ta cikinta: wuyan ya fi gindin haske, kuma ya karkata zuwa rawaya. Haka za ka yi, kore da rawaya da ɗigon fari, a ɗan wuri kaɗan, ka narkar da shi cikin duhun da ke ƙasa. Idan ka ƙara haske da fari zalla, ruwan zai koma kamar an zuba masa nono.

Gaɓa ba ta son dogon aiki. Ruwan makuba, jar ƙasa, ɗan shuɗi, shafi a kwance. Wuraren kumfa kuma ka rufe su da toka matsakaiciya, siririya. Har yanzu ba fari. Zanen zai yi maka muni a wannan matakin, duhu dulum, kuma hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Wanke buroshi ka tashi. Ba shi kwana uku zuwa biyar, sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji bai kama ba.

Zama na uku: wuƙa da kumfa

Nan ne daɗin yake, nan ne kuma ake ɓata aiki. Yi tsibi uku na kumfa. Na inuwa: fari da shuɗi da jar ƙasa, da ɗan kore. Na tsakiya: wannan ɗin dai, an ƙara fari. Na haske: fari da ɗan rawaya kamar ƙwayar gero. Dalilin rawayar shi ne, a zamanin Kurbe farin dalma ake amfani da shi, mai ɗumi. Farin da ke hannunka sai wajen 1920 ya shigo kasuwa, ya fi sanyi, ya fi rufe abin da ke ƙasansa. In ka sa shi tsurarsa zai yi kama da alli. Fentin yadda ya fito daga bututu ya isa, ko ka ɗiga masa linsid kaɗan in ya yi tauri.

Baje fentin a gilashi, ka yanko siririn zare da gefen wuƙar. Kwantar da ita kusan shafe da allon, ka ja da sauƙi, kamar mai shafa bota a burodin da ba ya so ya fashe. Fentin zai kama a wasu wurare ya tsallake wasu, duhun ƙasa ya leƙo ta ramukan. Waɗannan ramukan su ne kumfa. Ja ɗaya, ka ɗaga hannu, ka goge wuƙar da tsumma. Ja na biyu a wuri ɗaya yana toshe ramukan, na uku kuma ya mayar da shi kunu. In bai yi ba, kankare da gefen wuƙar ka sake. Ƙasan ya bushe, ba abin da zai same shi.

Fara da tsibin inuwa, shi zai ci fiye da rabin kumfar. Bi da na tsakiya a inda kumfar ta kumburo. Na haske kuwa ka ƙirga wuraren da za ka sa shi a hoton asali tukuna. Da wuya su wuce huɗu ko biyar: saman leɓe, inda ya daki ruwa ya fashe, da wani ɗan tsiri a gaɓa. A nan ka ɗora shi da kauri, ka bar shi da tudunsa.

Feshin da iska ke ɗauka daga ƙundu ba aikin wuƙa ba ne. Ɗauki busasshen buroshi, taɓa fenti kaɗan, goge yawancinsa a tsumma, ka murza a hankali inda kumfa ta haɗu da sama. Lura da bakin igiyar a hoton: wani wuri kaifi gare shi, wani wuri ya narke cikin gajimare har ba ka iya cewa ga iyaka. Idan ka zagaye ta da kaifi ko'ina, za ta fito kamar an yanko ta da almakashi an manna.

Duk bayan minti goma, ja da baya taku huɗu ko biyar. Kalli zanen ta madubi, ko ka kifa shi da hoton duka ƙasa a sama, sai karkatar da idonka ya saba da ita ta bayyana. Sannan ɗauki hotonsa da waya ka mayar baƙi da fari, ka jera da takardar nan ta biyu da ka buga. Sau tara cikin goma abin da za ka gani ɗaya ne: naka ya fi haske, kumfarka ta yi yawa. Maganinsa ka dawo da duhu cikin kumfar da ƙaramin buroshi, ba ka ƙara wani farin ba.

Ƙura, zafi da wuta

Littattafan zane ba a Sakkwato aka rubuta su ba, ba ruwansu da hunturu. Wata Janairu na gama kumfa da dare, na jingina allon kusa da taga ina jin daɗi. Da safe na tarar da shi kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli. Na kai tsumma, na ƙarasa kashe shi. Da na haƙura ya bushe, da yawancin ƙurar ta fita da ɗan kyalle mai laushi. Tun daga nan babban kwali nake kifawa a kai, da 'yan ramuka a gefe don iska, ko in jingina shi fuskarsa na kallon bango, samansa kaɗai ke taɓawa.

A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti kan yi fata a gilashi kafin la'asar, don haka matso kaɗan-kaɗan. Kada ka shanya zane a rana don ya yi sauri. Yi aiki da safe a inuwa mai haske, kamar bakin zaure. Launin da ka haɗa da dare a hasken fitila, gari na wayewa za ka ga ba shi ba ne.

Tsumman da ya sha linsid yana ɗaukar zafi da kansa yayin bushewa, kuma idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu yana iya kamawa da wuta. Baza shi a fili ya bushe, ko ka tsoma shi a gwangwanin ruwa. Tarfentin da kananzir a buɗe taga, a kuma ɗaga su inda yara ba sa kaiwa, kada a zuba su a robar lemo. Wanke hannu kafin ka ɓare goro. Buroshi kuwa, goge da tsumma, kaɗa a kananzir, sannan sabulu da ruwa har kumfar ta fito fara, ka gyara bakinsa da yatsa ka kwantar.

Farin da ka ɗora da kauri zai yi mako biyu ko fiye kafin ya daina kamawa, cikinsa kuma ya fi haka daɗewa. Kada ka shafa masa banish, wato man sheƙin da ke kare zane, sai ya yi aƙalla wata shida. Kurbe ya rasu tun 1877, ba wanda zai tuhume ka don ka kwafi aikinsa, amma kada ka kwaikwayi sa hannunsa. Juya bayan allon ka rubuta cewa kwafi ne daga La Vague ta Gustave Courbet, da sunanka da kwanan wata.

Kafin wannan ya gama bushewa, sa kafinta ya yanko maka wani allon, rabin girman na farko. Kifa hoton, ka juya kwafinka ya kalli bango, ka zana igiyar da ka, a zama ɗaya. Inda ka tsaya kana kokwanto, nan ne ba ka gane ba tukuna. Buɗe hoton ka duba wurin kaɗai, ka sake rufewa. Ragowar koren nan mai duhu kuma kada ka zubar, ka kwashe shi a takardar gwangwani ka naɗe. Ranar da aka saki ruwa a Goronyo, ko Rima ta kawo, ka tafi da shi da ƙaramin allo. Sai dai ka ƙara rawaya da jar ƙasa sosai, don ruwanmu ja ne.